Furen Kuɓewa a Bayan Gamba

Majami'armu tana tsakiyar gonaki ne, a wani ƙauye kusa da Bagwai. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, da aji biyu na makarantar Lahadi a bayansa. Mu Kiristocin wurin ba mu da yawa. Sauran duk Musulmi ne, kuma da yawansu kakanmu ɗaya da su. A ƙasarmu babu saura. Duk inda ka taka da damina gonar wani ce, har bakin hanya shuka ake yi. Shi ya sa ruwa yana sauka kowa yake ɗaure akuyarsa a turke.

A daidai wannan lokaci ne, cikin dogon hutu, ake yin sansanin yara. Mu taron yara muke ce masa. Mako guda ne. Ana kawo yara daga ikilisiyoyin ƙauyukan kusa, har daga wajen Tofa, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Masu koyarwa matasa ne daga birni. Ni kuwa shekara tara na yi cikin masu kula da yara. Ƙananan maza ake ba ni. In tashe su da safe, in kai su rijiya, in ga kowa ya ci abinci, in raba faɗa, in rarrashi mai kukan gida. Koyarwa ba tawa ba ce, don a lokacin ban iya karatu ba. Babban aikina shi ne tsaron iyaka.

Majami'a ba ta da fili. Inda yara suke wasa tsohuwar masussuka ce ta maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi da kowa yake ce wa Alhaji, abokin marigayi mahaifina. Tun da injin sussuka ya zo babu mai bugun hatsi a wurin. 'Ya'yansa sun daɗe suna so a sa garma a shuka gyaɗa, shi kuma yana ce musu yaran coci suna wasa a wurin. Babu takarda tsakaninmu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ni da Fasto mukan kai masa goro mu gaishe shi. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Ku yi ta yi. Amma ku kula mini da gamba."

Gambar layi ce a yammacin masussukar. A bayanta akwai 'yar gonar yayarsa, tsohuwa ce mijinta ya rasu, dukanmu Inna muke ce mata. Kuɓewa kaɗai take shukawa. Ta yanka, ta shanya, ta daka, ita ce miyarta har wata damina. Ni a jikin gambar nan nake tsayawa duk lokacin wasa. Idan ƙwallo ta tsallaka, ni kaɗai nake shiga, ina bin kwarin kunya a hankali in ɗauko. Har yara suka sa mini suna Baba Gamba.

Alhaji yakan wuce a kan kekensa ya tsaya.

"Makiyayi, yaya garken?"

"Sun ƙoshi, Alhaji, saura ɗaurewa."

"Turke nawa zan aiko maka?"

"Ko ka aiko, igiya za su cinye."

Sai ya yi dariya ya wuce. Duk shekara haka muke yi, kuma na san muddin yana kirana makiyayi, filin yana nan.

Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci yaran nan ne. Yaro yakan kawo mini takardar da aka raba musu ya ce, "Baba, karanta mini." Ni kuma in ce idona yana ciwo. Da na gaji da wannan ƙarya sai na shiga aji, ina da furfura a gemu. Ban yi sauri ba. Shekara uku na yi kafin layi ya fara tsaya mini. A shekara ta tara ta aikina, Fasto ya kira ni ya ce ni zan karanta aya ranar rufe taro, a gaban iyaye. Ya rubuta mini ita da manyan baƙaƙe, layi uku. Na ninke takardar na sa a aljihu. Duk makon nan hannuna yana kanta.

A shekarar an turo mana sabuwar malama daga birni, yara suna ce mata Anti. Yarinya ce mai kirki, ta iya waƙa, ba ta ƙyamar majinar yaro. Sai dai ba ta taɓa yin damina a ƙauye ba. Ranar Juma'a, bayan abincin rana, ta ce yau babu ƙwallo, za a yi wa majami'a ado saboda gobe. Na ce a raina, tun da babu ƙwallo, gamba ba ta buƙatata. Na zaga bayan aji, na zauna a gindin dogon yaro, na ɗora yatsa a kan layin farko. Akwai wata kalma doguwa a layi na biyu da take tsayar da ni. Na yi ta maimaita ta. Na ji yara suna waƙa, muryarsu tana yin nisa. Na ji da kunnena. Na ɗauka rijiya za su.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na gane. Majami'a cike take da fure rawaya mai jan ciki. An jera shi a gwangwanayen madara, an soka shi a tagogi, an zuba a kan teburin Fasto. Kuma ba furen kaɗai suka tsinko ba. Hannun yaro ba ya zaɓe. Kawunan suka karyo gaba ɗaya, da waɗanda ba su buɗe ba, da 'yan ƙananan kuɓewa kamar ɗan yatsa.

Na ce, "Anti, ina kuka samo wannan?"

"A daji, Baba. Nan bayan ciyawar nan doguwa."

"Nan babu daji."

"Fure ne kawai fa. Na hana su taɓa gero, na hana su taɓa masara."

"Wannan furen shi ne kuɓewar."

Ta rufe baki da hannu. Ni kuma na nufi gamba. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Kunyoyin sun baje. Ko'ina sawun ƙananan ƙafafu ne. Kuɓewa takan sake fure idan fure kaɗai aka cire, amma waɗannan an karya su, an tattake sauran. Na tsaya a wurin da na saba tsayawa, ban san abin da zan ɗaga ba.

A wurinmu ɓarnar gona tana da hanyarta. Wanda ya yi ɓarna ba ya zuwa da kansa, kuma ba a gaggawa. Mai unguwa ake faɗa wa. Shi zai ɗauko mai gona ya kai shi ya gani da idonsa, ya faɗi duk abin da ke cikinsa, ya yi faɗa har ya gaji. Sannan dattawa su ba da haƙuri, shi kuma ya ce ya yafe. Daga nan magana ta mutu. Don haka na tafi neman Fasto a gonarsa, mu je wurin mai unguwa tare. Ban ce wa Anti ta zauna ba. Ban zaci sai an faɗa ba.

Ita kuwa zuciyarta ba ta bar ta ta zauna ba. Ta tambayi yara gidan mai gonar. Ta zaɓi furannin da suka fi kyau, ta ɗaure su da zare, ta ɗebi 'yan mata huɗu suka tafi. A birni, na ji daga baya, haka ake ba da haƙuri. Ina dawowa na hango su a ƙofar gidan Inna. Tana zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale, akuyarta a ɗaure kusa da ita. Na yi sauri, amma Anti ta riga ta durƙusa ta miƙa.

Inna ta karɓa. Ta juya ƙullin a hannunta. Ta sa babban yatsa tana taɓa 'yan kuɓewar da ke jikin kara, ɗaya bayan ɗaya.

"Na wace gona ne?"

"Taki ce, Mama. Ki yi haƙuri, ba mu sani ba. Mun kawo miki ne."

"Kin kawo mini in gani."

"A'a, Mama, kyauta ce."

"'Yata, a garinku fure ake ci?"

Anti ta fashe da kuka. Inna ta ɗago ta dube ni.

"Kai kuma kana ina?"

Takardar tana hannuna. Ban san lokacin da na ciro ta ba. Na ce, "Ina karatu, Inna."

"To. Allah ya sa mai amfani ne."

Ta miƙa hannu ta ajiye furen a gaban akuya.

Bayan la'asar muka je wurin Alhaji, ni da Fasto da mai unguwa, don shi ne mai tsaya wa yayarsa a kan gonarta. Ya riga ya ji. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, tashi mu taka ka gani."

"Ba sai na gani ba. Yara ne."

"Haba, Alhaji. Ka je ka gani, ka yi mana faɗa. Mun cancanta."

"Ba komai."

Sau uku mai unguwa ya nema, sau uku ya ce ba komai. Ya tambayi Fasto yadda geronsa yake. Ya yi maganar tsadar taki. Da muka tashi ya raka mu har waje, ya ba ni hannu ya ce, "Sai an jima, Malam." Bai taɓa ce mini Malam ba. A hanya mai unguwa ya ce, "Da ma ya zage mu."

Ranar Asabar na karanta ayar. Furen kuɓewa kwana ɗaya yake yi, tun da safe ya yi yaushi, mata suka share shi. Na tsaya a gaban iyaye, na bi layi uku ban tsaya ba, har doguwar kalmar ta wuce lafiya. Aka yi tafi. Matata ta yi guɗa. Ta taga ina hango gambar a kwance inda yara suka keta.

Bayan taro na kwana uku ina gyaran gonar Inna. Na tayar da kunyoyi, na sake shuka inda ya mutu, ko da yake na san lokaci ya wuce. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma zo ta duba ba. Da kaka matata ta kai mata ƙwarya cike da busasshiyar kuɓewarmu. Ta karɓa, ta yi godiya, ta sa albarka. Washegari ta aiko da ƙwaryar cike da daddawa, har ta fi abin da muka kai daraja. Matata ta dube ni ta ce, "Ba ta karɓa ba ke nan."

Na yi ta sa rai duk rani. Alhaji yana amsa gaisuwata. Da aka yi mana rasuwa ya zo ta'aziyya, ya daɗe a zaune. Na ce wa Fasto mu kai goro da wuri a bana. Muka sa ranar kasuwa mai zuwa. Kafin ranar aka yi ruwan farko. Da safe na fito zan tafi gona sai na ga shanu biyu da garma a kan masussuka, babban ɗan Alhaji yana riƙe da ita. Ƙasar ta yi tauri saboda shekaru, garmar tana tsalle, amma tana shiga.

Na haɗu da Alhaji a hanya bayan kwana biyu. Ya sauka daga keke.

"Ka ga aikin 'ya'yana ko? Sun matsa mini. Ka san iyali sun yi yawa."

"Gaskiya ne, Alhaji."

Kuma gaskiya ce. Jikokinsa sun fi ashirin, gonarsa ba ta ƙaru ba. Ba zan ce ya yi mana laifi ba. Shekaru ya yi yana tare 'ya'yansa da magana ɗaya, cewa mutanen coci suna kula da gamba. Ni na ƙwace masa maganar.

A shekarar mun gwada yin taro babu fili. Yara a cikin ɗaki daga safe har yamma, ga zafin kwano, ga gyaɗa kore shar a bakin taga. Masu kula muka jeru a ƙofa kamar masu gadi. A rana ta uku faɗa ya yi yawa, aka mayar da yara gidajensu. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce daga yanzu a birni za a riƙa yi, inda akwai katanga. Anti ba ta dawo ba. Ta aiko da gaisuwa sau ɗaya, ta ce a tambayar mata Inna.

Yaran ƙauye ba sa zuwa birni. Lokacin noman maimai ne, ana buƙatarsu a gona. Da taron yana kusa, uba yakan saki ɗansa don ya san yana iya leƙowa. Bara yara biyu ne suka je daga duk ƙauyukan nan. Ni ba a neme ni ba, kuma ban ga abin da zan yi a can ba.

Fasto ya ce mu nemi wani fili. Na zaga gonakin da ke kewaye da majami'a da ƙafata, na sake zaga su a kaina. Babu inda za a shimfiɗa tabarma biyar ba a danne shukar wani ba. Na Kiristocin ma haka ne. Tawa gonar tana da nisa, kuma ita muke ci.

Har yanzu ina zuwa aji. Yanzu ina karanta shafi guda ban tsaya ba. Gyaɗar masussuka tana yin kyau, ƙasar ta daɗe tana hutawa. Inna ba ta ƙara shuka kuɓewa ba, ta ce ƙafa ta hana ta, an haɗe gonarta da gyaɗar, an tumɓuke gambar. Yaran da na riƙe sukan wuce ni da fartanya a kafaɗa. Shekarar farko suna tsayawa su ce, "Baba Gamba, yaushe za a yi taro?" In ce musu sai mun gani. Bana sun gaishe ni sun wuce, babu wanda ya tambaya.