Katin Gobarar Masaƙa

A gidan rediyon nan, in ka tambayi sunansa na yanka sai an yi ta kallon-kallo. Baba Kalanda kowa ya sani, tun daga mai gadi har shugaban gidan. Shekara ashirin da tara ya yi a ɗakin ajiyar takardu, wani ɗaki can ƙarshen baranda mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Muryarsa ba ta taɓa fita a rediyo ba. Amma ɗan shirin nan na minti biyar da ke bin labaran safe, wanda ake karanto abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, duk daga hannunsa yake fitowa.

Kabad gare shi na katako mai durowa goma sha biyu, kowane wata da tasa. A ciki katuna ne a jere, kowace rana da nata ɗaurin, an zarga masa roba. In ka kwance ɗauri guda sai ka tarar a ranar aka gama wani yaƙi, aka haifi wani mawaƙi, aka buɗe wata gada, girgizar ƙasa ta cinye wani gari, shekaru daban-daban amma kwanan wata ɗaya. Wannan cakuɗar ita ce daɗin aikin a wurinsa. Yakan ce rana kamar gidan haya take, ba wanda ya zaɓi maƙwabcinsa.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: bai yarda yana kuskure ba. Abin haushin ma, da wuya a kama shi. Duk sabon ma'aikacin da aka turo ya taya shi sai ya sha karatu iri ɗaya har ya gundura: hatimin da ake bugawa a kan yankan jarida ranar fitowar jaridar ce, jarida kuwa labarin jiya take bayarwa, saboda haka a karanta ciki kafin a rubuta kati. Maiɗakinsa takan ce ta auri mutumin da ya san ranar da jirgin ƙasa na farko ya tashi, amma bai san ranar da gishiri ya ƙare a gidansa ba. Shi ko dariya kawai yake yi, don a ganinsa yabo ne.

Saura mako uku ya yi ritaya, mai gadi ya rako wata tsohuwa har ƙofar ɗakin. Siririya ce, da tabarau mai kauri, ga guntun zare maƙale a gefen mayafinta.

"Kai ne mai rubuta ranaku?" ta tambaya.

"Ni ne, Iya. Ga kujera, zauna."

"Gobarar masaƙa. Ran nawa ga wata ta faru?"

Ko durowa bai taɓa ba. "Sha biyu ga Maris. Shekara ashirin da biyu ke nan. Mutum goma sha bakwai suka rasu."

"Har da maigidana," in ji ta. "Ni sha ɗaya nake riƙe da ita."

Ta ce ba rigima ta kawo ba. Tela ce, tana da ɗan shago a bayan tashar mota, kuma ita kaɗai take zaune tun da 'ya'ya suka kama gabansu. Tun shekarun baya suke musu da babban ɗanta a kan wannan rana, ita ta ce sha ɗaya, shi ya ce rediyo ta ce sha biyu. A da wasa ne. To, watan jiya sai ta manta tukunya a kan wuta, sau ɗaya tak, shi ke nan ɗan ya haɗa biyun ya yanke hukunci. Ya ce wadda ta kasa riƙe ranar rasuwar mijinta bai kamata ta zauna ita kaɗai ba. Ƙarshen wata zai rufe shagon, ta koma gidansa, kuma ba ita ba fita sai da rakiya.

"Yaron kirki ne, tsoro yake ji," ta ce. "In kaina ne ya fara tafiya, gara in ji daga bakin wanda ya sani."

Baba Kalanda ya tausaya mata har zuciyarsa. Cikin tausayin kuma ya yi mata bayani a hankali cewa baƙin ciki yakan rikita lissafi, katinsa kuwa a rubuce yake. Ta gyaɗa kai, ta yi godiya, ta tafi. Ya zauna yana jin ya kyauta.

Godiyar ce ta hana shi sakat. Da ta yi masa tsiwa, da ya manta da ita kafin azahar. Can ya tashi ya hau kujera, ya sauko da fayil ɗin jaridun shekarar daga saman kabad, ba don yana shakka ba, a cewarsa, sai don ya huta. Yankan jaridar ya yi ruwan ƙasa, gam ɗinsa ya bushe. A sama ga hatimi raɗau: sha biyu ga Maris. Layin farko kuma ya fara da "Jiya da yamma".

Ya ciro katin. Ya so ƙwarai ya ga rubutun wani, amma nasa ne, da irin lanƙwasar biyunsa da kowa ya sani. Hatimi ya duba ya kwafa, abin da ya hana sabbin ma'aikata fiye da goma yi. Daga nan kuma kowace shekara katin yake ɗauka ya miƙa a karanta, don me zai koma ga jarida alhali shi ya rubuta da hannunsa? Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi, ga shi ba kowa a ɗakin.

Mai gabatar da shirin ta shigo karɓar katunan gobe, ta same shi haka. Da ta ji labarin sai ta rage murya.

"Baba, ka mayar da katin ɗaurin sha ɗaya mana. Baɗi a karanta daidai, wa zai lura? Ga shi ran bankwana shugaba zai ce ba ka taɓa kuskure ba, na ga takardar jawabin."

Maganar ta shige shi, ƙarya ne a ce ba ta shige shi ba. Ya daɗe yana juya katin.

"Kafin baɗi an rufe mata shago, 'yata," ya ce. "Rubuta gyara ki karanta gobe. Ki ce kuskuren na mai ajiyar takardu ne, kada ki ce na gidan rediyo."

Bai tsaya nan ba, don bai san ko ɗan yana sauraren shirin kullum ba. Ran Asabar ya sa yankan jaridar a ambulan ya nufi bayan tasha. Shagon ɗan ƙarami ne, keke ɗaya da benci. Ya yi sa'a ɗan yana nan, magidanci mai furfura a gemu, ya kawo kwalaye don a fara haɗa kaya.

Bayan gaisuwa Baba Kalanda ya miƙa masa takardar. "Malam, karanta layin farko. Mahaifiyarka ce da gaskiya. Shekara ashirin da biyu ni nake faɗin ba daidai ba."

Mutumin ya karanta, ya sake karantawa, yana bin layin da yatsa. Sannan ya zauna a kan benci.

"Inna," ya ce. "Inna, ki yafe mini."

Tsohuwar ba ta ce ai na faɗa ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Ba abin da ka yi mini," ta ce wa ɗan. Sai ta juyo ga Baba Kalanda. "Kullum ranarsa nakan rufe shago in zauna a ɗaki in yi masa addu'a. Da musun ya yi yawa sai na ce ƙila ni ce, na koma bin taku. Shekara shida ke nan ranar tasa tana zuwa ta same ni ina ɗinki."

Baba Kalanda ya taho da haƙurin da zai bayar a shirye tun daga gida, amma bai isa wannan ba.