Ƙafar da Labaran Ya Tsaya a Kai

Shekara talatin da ɗaya yayana Labaran yana ɗaukar nama a Abatuwa. Ba shi ke yanka ba, ba shi ke fiɗa ba. In mahauta sun gama, shi ke soka ƙugiya a cinyar saniya, ya saɓa a kafaɗa, ya sauko matakala tara zuwa inda motoci ke jira. Matakalar nan kullum a jiƙe take da ruwa da jini. Ni ne Uzairu ƙaninsa, keke napep nake ja, gida ɗaya muke a Dilimi, kuma ban taɓa cin sa gardama ba. Labaran ko ruwa ya ce wuta ne, gara ka ɗebo ka kai wa mai shayi.

Gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo shekara takwas da suka wuce. An yi ƙaho, an shafa man zafi, matarsa Tabawa ta gasa da ruwan ɗumi har hannunta ya gaji. Hutu kuwa babu zancensa. A kwata, in ka zauna kwana uku, za ka dawo ka tarar mahautanka sun samu wata kafaɗar, ga 'ya'ya biyar a gida. Sai ya ɓullo da dabara: ya mayar da duk nauyi kan ƙafar dama. Da ita yake fara sauka, a kanta yake juyawa, ta hagu jan ta kawai yake yi. In na yi magana ya ce hagu ta yi ritaya, dama tana nan daram.

Amma in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wata Laraba da damina ya durƙushe a matakala ta shida da cinyar saniya a wuya. A kekena na kai shi asibiti, yana yi mini faɗa wai na tara masa jama'a.

Likitar, Dokta Chinonye, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi. Ta hagu ba ta ɓuya ba, ƙashi na gogar ƙashi. Ta dama kuwa ba ta nuna wani abin tashin hankali ba. Likitar ta ce irin wannan hoton ƙashi kawai yake gani, ba ya ganin guringuntsi. Akwai wata na'ura mai maganaɗisu, MRI, ita ke nuna shi. Abin hannunmu na gwiwa ɗaya ne, don haka ta fara rubuta ta hagu.

"Likita, rubuta ta dama," in ji Labaran.

"Baba, ai ta hagu ce take damun ka."

"In mun je kasuwar shanu sayen sa mai ɗingishi, ba ƙafar da ya ɗage muke dubawa ba. Wadda ya tsaya a kai muke latsawa. Ita ce za ta kai shi mayanka, ko ta kayar da shi a hanya."

Ta soke abin da ta rubuta, ta rubuta ta dama.

Ranar hoton, ma'aikacin na'urar, wani mai suna Dantong, ya tare shi a ƙofa. "Baba, duk ƙarfe cire shi. Wannan inji ba ya wasa, zai fizge shi." Labaran ya zaro ƙugiyarsa daga ɗamara, abin da ko masallaci da ita yake zuwa, ya miƙo mini. Kusan rabin awa yana kwance, ƙafarsa cikin ramin na'urar, tana ta ƙwanƙwasa kamar ana dakan sakwara a maƙwabta. Ni ina waje riƙe da ƙarfen nan, tsoro ya cika ni.

Bayan kwana biyu muka koma. Likitar ta buɗe hoton a kwamfuta, ta fara bayanin mene ne guringuntsi. Labaran ya yi murmushi. Ya ga gwiwar saniya a buɗe ta fi dubu. Ya ce lafiyayye fari ne, mai santsi, yana sheƙi kamar cikin kwanon tangaran. Ta nuna masa wani siririn layi mai ruwan toka da ya lulluɓe kan ƙashin. Ya bi shi da yatsa a hankali, har ya zo ta cikin gwiwar, inda layin ya yanke.

"Nan babu," ya ce.

"Babu, Baba."

"Na sha ganin irinta a shanun huɗa, waɗanda manomi ya gama da su. Kuma ba ya sake tsirowa."

Ba ta musa ba. Ta ce in ya daina ɗaukar kaya, ya bi magani da motsa jiki, gwiwar za ta yi shekaru tana tafiya da shi. In ya ci gaba, za ta bi 'yar'uwarta, daga nan sai sanda, ko abin da ya fi sanda. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan huce a kansa. Shekara takwas yana lallaɓa ƙafa ɗaya, ashe ɗayar yake cinyewa.

A bakin asibiti na miƙa masa ƙugiyar, ya ce in ajiye. Ban taɓa jin daɗin wata magana tasa kamar wannan ba. Tabawa har kuka ta yi.

Kwana uku ya yi a zaune a ƙofar gida, yana kallon yara na fita makaranta. Ran na huɗu, bayan sallar asuba, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Uzairu, ba ni ƙugiyata."

"Yaya, kai da kanka ka ga hoton."

"Na gani. Hoton zai ba su abinci?"

Na ba shi. Ni na kai shi Abatuwa, na tsaya cikin keke har ya fito da cinyar farko a kafaɗa. Ya ɗan tsaya a saman matakala, ya dubi ƙafafunsa biyu, sannan ya sa ta dama.