Surukin da Ya Goya Ni a Gaɓar Teku

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, takwas ga Rajab, 1385, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata Shatu, a ɗakinsa da ke unguwar Jarwal, a Makka. Mutanen unguwar Mansur sun san shi da Baba Mai Tsire. Sunansa na yanka kuwa bai taɓa fitowa daga bakina ba, kamar yadda aka rene mu.

Baba, wanda bai ci tsirenka kyauta ba a Mansur, to bai yi yunwa a gabanka ba ne. Amma ni abin da nake tunawa ya girmi teburin tsire.

Shekarar da muka ƙetaro daga Suwakin ta Sudan, mai jirgin ruwa ya zube mu a wata gaɓa, kudu da Jidda da nisa, ya juya abinsa. Muka ɗora ƙunshin kaya a ka, muka bi bakin teku. Wani wuri yashi, wani wuri kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ƙarƙashinsu taɓo mai wari har gwiwa. Takalmana a can suka kwana har yau.

Ƙwaryar abinci ɗaya ce ta rage mana. Ka san ba zan ci a gabanka ba ko yunwa za ta kashe ni, sai ka riƙa tsakurar loma biyu, ka tashi, wai za ka duba hanya. Wace hanya, Baba? Teku ce a hagu, taɓo a dama.

Sai wata saiwa ta tsaga mini tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, ga ruwa yana tasowa cikin kurmin. Na ce wa Shatu ta gaya maka ku wuce. Ka miƙa mata kayanka, ka durƙusa ka ba ni baya, ka ce, "Hau, yalla. A bayana ba ka ganin fuskata, ni ma ba na ganin taka. Ina abin kunya?"

Na hau. Ƙato da ni, da gemuna, a bayan uban matata, ina jin numfashinka yana fita da ƙyar, kana zare ƙafa daga laka kana sake dasawa. Wallahi na so taɓon ya haɗiye ni.

Tun daga ranar ban iya yi maka godiya ba. In na shirya maganar na zo Jarwal, sai in tsuguna a bakin ƙofa, in gaishe ka kaina a ƙasa, in tashi. Kai kuma ba ka taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Na yi ta cewa sai bayan aikin Hajji, sai bayan wani.

Ranar Talata na sa kafaɗa a makararka daga Harami har maƙabartar Ma'ala, na hana kowa ya karɓe ni. Ba ka da nauyi ko kaɗan, Baba, kuma wannan ya ƙara mini kunya.

Ina miƙa ta'aziyya ga surukata Inna Hajo, da Shatu, da ƙaninta Rabi'u, da dukan jama'armu na Jarwal da Mansur. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ka haskaka kabarinsa, ka ƙetarar da shi Siraɗi kamar yadda ya ƙetarar da ni, ka jiƙan bawanka Mukhtaru.

Ga shi na faɗi sunan, Baba, ka gafarce ni, addu'a ce ta sa. Na gode.