Randar da Na Kife a Mairuwa

Aikin duba-gari na yi, kuma har yau in na faɗa sai in ga mutum ya gyara zama, kamar zan leƙa mashi bayan ɗaki. A kwantar da hankali, na aje ludayina tuntuni. Amma a shekarun nan da ake ta zancen mulkin kai bai iso ba, ni En'e, hukumar sarki, ta ɗora wa tsabtar garuruwan Faskari. Aka ba ni kaki da gajeren wando, da keke mai kukan sarƙa, da littafi da fensir, da wani ludayin ƙarfe mai dogon hannu. Yau Ruwan Godiya, gobe Mairuwa, wani makon a ce in leƙa Damari.

Aikin ba wuya gare shi ba, gajiya gare shi. Ka sa a kwashe bola yau, jibi ka tarar da wata ta tsiro a wurin. Ka yi wa mahauta faɗa kan ƙudaje, su ce to Malam, kana juya baya su yaye ganyen da suka rufe naman. Masai ba murfi, rariya ta toshe ruwan wanka ya kwanta a hanya, awaki sake cikin kasuwa. Wanda ya yi taurin kai in rubuta mashi sammaci zuwa gaban alkali, a ci shi tara, ya fito yana harara ta har shekara ta zagayo. Babban abin kuwa shi ne randa. In tsoma ludayi in ɗago, in na ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, doka ta ce a zubar, a wanke, a kife. Kai! Matar da ta yini tana jan guga, ka zo da wandonka iya gwiwa ka ce ta zubar. Ina shigowa unguwa yara ke rugawa suna ihu, ga duba-gari nan, sai ka ji ruwa na ta kwarara ta rariyoyi tun kafin in jingine keke. Ko biki na je ba a son in zauna kusa da tulu.

Gida ɗaya ne ban taɓa shiga da ludayi ba, gidan Inna a Mairuwa, garinmu. Ba ita ta haife ni ba, ungozoma ce, kowa Inna yake ce mata. Ita ta yanke mani cibi, ita ta yanke na rabin mutanen unguwarmu. Bayan ɗakinta akwai wata baƙar randa da aka binne har wuya, rufe da faifai. Randar dauri ce, wanga magani mai ɗaci da ake ɗura wa jarirai. Mahaifiyarta ta taho da ita daga wajen Kankara da ruwanta a ciki, kuma tun ranar ba a taɓa ganin gindinta ba. In an ɗiba sai a ƙara ruwa, a ƙara sassaƙen maɗaci da na marke da wasu saiwoyi da ita kaɗai ta sani. Inna ta ce ƙarfin yana ga tsohon ruwan, sabon bin shi kawai yake yi. Duk gidan da aka haihu sai an aiko da ƙwarya, ta ɗebo, a kai a tafasa. Ni na sha, mahaifina ya sha.

Na san abin da ke cikin randar nan sarai. Ruwan da bai motsi, a inuwa, faifai duk ya ɓule, me kuwa zai hana? Shi ya sa shekara biyu in na zo ƙofarta sai in yi sallama daga zaure, in gaishe ta, ta sa mani albarka, in rubuta gidan lafiya lau in wuce. Mai unguwa ya sani. Ɗan dokan da ke raka ni ya sani, shi ma ɗiyanshi daga randar suka sha.

Ana nan, ƙarshen wata damina da zazzaɓi ya yi ɓarna ƙwarai, babbanmu na wajen aiki ya zo rangadi daga Katsina. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗau alhakinshi. Mutum ne dai da in littafi ya ce dama, ko bango ne a daman sai ya bi ta nan. Muka shiga Mairuwa da hantsi, mai unguwa a gaba yana neman izini mata su shige ɗaki. Da muka zo daidai gidan Inna sai mai unguwa ya ƙara sauri, har da nuna wata bola can gaba da sandarshi. Ash! Wannan saurin shi ya kashe mu. Babbanmu ya ja ya tsaya.

"Wannan gidan fa?"

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce ita kaɗai," in ji mai unguwa.

"Tsohuwa ba ta shan ruwa?"

Muka shiga. Tsakar gida fes, an share har da zanen tsintsiya. Randar sha ta wanku, masai da murfinshi. Har na fara sakin numfashi sai babbanmu ya zagaya bayan ɗaki, ya sa ƙafa ya ture faifan, ya ce in tsoma. Na tsoma sama-sama, na karkata hannu yadda zan zubar kafin ya gani. Ina! Ya kama wuyan hannuna ya ɗago ludayin zuwa haske. Suna nan ciki birjik, suna ta rawa cikin jan ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magani ne, ba ruwan sha ba. Tafasawa ake yi kafin a ba yaro. A bari in tace da ƙyalle, in sawo mata murfin ƙasa da kaina."

Ya ce sauron da zai tashi daga nan bai san magani ba ne. Ya ce in ya yarda da tacewa yau, gobe kowace randa a ƙasar nan magani za ta koma. Sannan ya karɓi littafina ya buɗe, ya bi shafuka a hankali, ya ce, "Yaushe ka fara wuce gidan nan kana rubuta lafiya?" Ya ce to, ko a zubar yanzu a gabanshi, ko kuma ni in aje kaki, ita ta je gaban alkali.

Duk wannan Inna na tsaye riƙe da bango, ba ta shiga ɗaki ba, shekarunta sun wuce ɓuya. Ba ta ko dubi baƙon ba, ni take kallo.

"Ɗan nan, me yake cewa?"

"Inna, wai sai an zubar."

"Duka?"

"Duka, Inna."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Sai cewa ta yi, "To, in dai sai an zubar, kada baƙo ya sa mata hannu. Kai da ka sha, kai za ka kwashe." Ta miƙo mani ƙwaryarta.

Randar da aka binne ba ta tunkuɗuwa a gama lokaci ɗaya. Ɗiba na riƙa yi, ƙwarya bayan ƙwarya, ina kaiwa rariya ina dawowa, ina gumi cikin kakin nan na banza. Ɗacin ya cika gidan. Mata suka yi cirko-cirko ta saman danga. Da na kai ƙasa sai na tarar da wani baƙin laka mai kauri, sassaƙen da ya narke tun zamanin mahaifiyarta. Da hannu na kwashe shi. Ɗan doka ya kawo fartanya muka tone randar, na cuɗe ta da toka, na kife ta jikin bango kamar yadda doka ta ce. Babbanmu ya sa hannu a littafina, ya ce haka ake aiki.

Kada wani ya ce na zo nan in ce doka ƙarya ce. Tsutsa tsutsa ce, kuma na ga ƙananan kaburbura a daminar nan da ba na son tunawa. Na sha faɗa wa kaina haka bisa keke, tsakanin Mairuwa da Faskari, har na gaji da jin muryata. Bayan mako biyu na sawo murfi mai kyau na kai mata, na ce ta haɗa sabo, ni zan shiga daji in saro mata duk icen da take so. Ta yi godiya, ta karɓi murfin ta rufe tukunyar gero da shi. Ta ce, "Sabo wa zai bi?" Randar na nan kife, kaji na hawa kanta.

Shekara na zagayowa matata ta haihu, haihuwar fari, ɗiya mace, a gidan iyayenta nan Mairuwa. Inna ce ta yanke cibin, ba ta nuna komai ba. Kwana uku da haihuwa mahaifiyata ta kira ni, ta ɗauko sabuwar ƙwarya ta ce in kai gidan Inna a ɗebo wa jaririya dauri.

Na ce, "Haba Iya, kin fa san abin da ya faru."

Ta ce, "Na sani. A gidanmu ba a taɓa haihuwa ba a aika ba. Kuma ba yaro zan aika ba, kai za ka je."

Na tuɓe kaki na sa riga, na tafi a ƙasa. Inna ta amsa sallamata, ta tambayi mai jego, ta yi wa jaririya addu'a doguwa. Na miƙa ƙwaryar da hannu biyu, kaina a sunkuye. Ta karɓa, ta dogara sanda ta zagaya bayan ɗaki, kamar yadda ta saba yi tun kafin a haife ni. Na ce a raina halan ta ɓoye wani abu a tulu, halan ta haɗa sabo ban sani ba. Ta daɗe a can. Ina jin ta tana taɓa ruwa.

Da ta fito, ƙwaryar a jiƙe take, ta wanke ta ciki da baya. Ta miƙo mani, ta ce, "Ga ta nan, Malam. Duba da kyau, ba komai a ciki."

Tun da nake ba ta taɓa ce mani Malam ba.

Na koma gida da ita a hannu. Mahaifiyata ta leƙa ciki, ta dube ni, ta karɓa ta rataye a maragaya.