Turancin 'Yan Doka Ta Bayan Asabari

Shekarun baya, tun Turawa na nan, ina makarantar Midil, na dawo hutu gidanmu a Yakasai na tarar kowa jikinsa a sanyaye. Mahaifina ɗan doka ne, wato ɗan sandan En'e, irin masu jar dara da kulki da ke tsaron cikin birni. Ni ne ɗan farinsa, don haka tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa zama ya yi magana da ni ido da ido ba. Kunya ce ta al'ada, ba ƙi ba. In zai aike ni, sai ya dubi mahaifiyarsa ya ce, "Inna, a ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabansa.

Kakar tawa ce ta gaya mini abin da ake ciki. An kawo wani Baturen 'yan sanda ya gyara aikin 'yan doka, zai gana da su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu tambayoyi da Turanci. Aka ce duk wanda ya kasa amsawa za a kwance masa ɗamara a mai da shi mai gadin sito. Mahaifina kuwa Turancinsa bai wuce na fareti ba.

"To, angona," in ji ta, "yau ga ranar bokon naka. Amma ka sani, ko yanka shi za a yi ba zai tambaye ka ba."

Ita ta kawo dabara. Kullum bayan la'asar, in ya dawo ya zauna a gindin rijiya yana goge bel ɗinsa, sai in shimfiɗa tabarma kusa da ita in buɗe ƙamus, wai ita nake koya wa Turanci. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga murya, sai ga ni ina karatu kamar mai shela.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne son bin diddigi. Na fara da policeman, na ce wannan sunan kowane ɗan sanda ne. Constable kuma shi ne wanda bai sami igiya ba tukuna, a samansa akwai corporal da sergeant da inspector, waɗanda bakinmu ya mayar kofur da saje da sufeto. Na ja kunne a kan officer, na ce Baturen ne officer, ƙaramin ma'aikaci ba ya kiran kansa haka. Daga nan na gangara kan warder mai tsaron fursuna, da sentry mai tsayuwa a ƙofar bariki, da watchman, wato mai gadi. Da na faɗi wannan ta ƙarshe sai na ji ƙarar gogar bel ta tsaya. Ban sake maimaita ta ba.

Wata rana na ɓata yammaci guda a kan bambancin catch da arrest da detain. Na ce ɓarawo kowa ma yana iya catch ɗinsa, har kare, amma arrest sai mai ɗamara da sunan doka. Ina shirin shiga apprehend kakata ta katse ni.

"Kai malam sarkin iyayi, mutum ɗaya sunaye goma? Ni fa tsohuwa ce, kaina ya cika. Zaɓar mini ɗaya in riƙe."

Na gane ba kanta take nufi ba. Na ce, "Kaka, constable za ki riƙe. In an ce what are you, sai ki ce I am a constable, sir."

Na saci kallonsa. Ya kau da kai gefe, amma leɓunansa na motsi.

Saura gwaji, domin sanin kalma daban, amsa ta a gaban mutum daban. Kakata ta ce ita ce Bature. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta harɗe, ta dubi mahaifina ta ce, "Wata yu!" Mahaifina ya durƙusa, don ba zai iya tsayawa ƙerere a kan mahaifiyarsa ba, ya sunkuyar da kai ya amsa can ƙasa. Mahaifiyata tana ɗakin girki, muka ji dariya ta kuɓuce mata.

Ni ban yi dariya ba. Ina da malami Bature a makaranta, na san yadda suke haɗiye kalmomi ta hanci. Wanda ya saba da "wata yu" na kakata ba zai gane tambayar ba in ta fito daga bakin Bature. Dole ni zan yi tambayar. To, ta yaya uba zai ƙame a gaban ɗan farinsa ya ce masa sir?

Na daɗe ina juya abin kafin in iya buɗe baki. Na ce da kakata, "Akwai faifan garmaho a makarantarmu mai muryar Bature. In na shiga ɗaki zan iya kwaikwayonsa."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta. "To shiga mana. Garmaho ai ba ɗan kowa ba ne."

Na shiga ɗakinta na saki asabari. Ta tsakankanin tsinkayen ina hangensa, shi ba ya ganina. Ya miƙe, ya gyara zaman jar dararsa, ya haɗa ƙafa. Na shaƙe murya na yi tambaya. Ya karkato kunne. Na sake. Sai ya sara wa asabarin nan ya ce, "I am a constable, sir," da wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Na tambaye shi aikinsa, ya ce, "I arrest thief, sir." Ya tsallake wata ƙaramar kalma a tsakiya. Bakina ya yi ƙaiƙayin gyarawa, na danne. Haka muka yi ta yi har hutuna ya kusa ƙarewa.

Ranar ganawar ban iya cin abinci ba. Da azahar ya shigo da ɗamararsa a ƙugu, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, an bar ni a aikina."

Mahaifiyata ta rangaɗa guɗa daga ɗaki. Kakata ta ce, "Me jan kunnen ya tambaye ka?"

"Abin da garmaho yake tambaya. Sai kuma ya sa tafinta ya ce wa ya koya mini."

"Ka ce wa?"

Ya dubi ƙasa. "Na ce wani yaro ne a gidanmu. Na ce yana da ƙoƙari."

Ya tashi ya wuce ta gabana zuwa rijiya, bai dube ni ba.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci bayan haka, an kuma yaba mini a wurare da dama. 'Ya'yana in na ba su labarin nan sukan ce ai wannan takura ce, uba da ɗa gida ɗaya sai ta bayan asabari. Ba na musu da su, nawa ɗan farin ma ina kiran sunansa. Amma har mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai ƙara a kan kalmomin yabon nan na ranar ba, ni kuma ban taɓa jin sun yi mini kaɗan ba.