Ɗan fari da ƙarfen gwiwata

Ni mace ce mai baki, duk unguwarmu ta Ali Kazaure a Jos an shaida. Na tsufa a kan keken ɗinki, ina faɗa da masu kawo yadi ranar jajiberin salla. Amma akwai mutum ɗaya da ban taɓa ɗaga wa murya ba, ban ma taɓa kiran sunansa ba, shi ne ɗana na fari. Haka muka taso muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya. In ina nemansa sai in aiki ƙannensa, in babu kowa in ce "kai". Har ya yi gemu, ya yi aure, ya tare a unguwar Daɗin Kowa ba mu taɓa haɗa ido ba, kuma ni abin yabo na ɗauki hakan.

Da daminar da nake ba da labari, na je kasuwar Kwararafa sayen zare, keken napep ya kwaso santsi ya doke ni a gefen gwiwa. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori. Ɗan nawa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya ce asibiti za a je. Ban musa ba, don musu da shi ma magana ce.

Likitan ƙashin ɗan Filato ne, matashi, da Hausarsa ta Jos wadda take mayar da ni namiji. Ya ɗaga hoton ƙafar ya nuna mini saman ƙashin ƙwauri, wurin da gwiwa take zama a kai. Ya ce da shimfiɗe yake kamar faifai, yanzu ya tsage, gefe ɗaya ya lotsa.

"Mama, za ka yi haƙuri," in ji shi. "Siminti ba zai yi ba. Hanya biyu ne. Ko mu yanka mu ɗaga ƙashin, mu sa farantin ƙarfe a ciki mu ɗaure da sukuru, mu ɗinke. Ko mu sa ƙarfen a waje, ƙusoshi su shiga ƙashin ta fata. Amma wannan kullum sai an wanke bakin kowane ƙusa."

Na tambayi inda ƙusoshin za su shiga. Ya taɓa ƙwaurinsa, sannan ya taɓa cinyarsa. Nan take na ce na ciki nake so. Ba wani ilimi ne ya sa ni zaɓa ba. Mijina ya rasu, 'yan matan nawa suna aure a nesa, na san wanda wankin zai faɗa wa.

Sai dai ba a bi zaɓina ba. Fatar gwiwar ta kumbura ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi, ga ciwon suga. Likita ya ce in ya yanka wannan fata ba za ta haɗe ba. Na farfaɗo daga aiki na ga ƙafata cikin zobban ƙarfe da sanduna, ƙusoshi biyu a cinya, can sama inda zane yake rufewa. Ya gargaɗe ni cewa in ƙwayar cuta ta bi ƙusa ta shiga ƙashi, ba maganar keken ɗinki za a yi ba, maganar ƙafar za a yi.

'Yan matan suka zo suka yi jinya, mazajensu suka fara waya, suka koma. Surukata tana da tsohon ciki, ganin ƙarfen kawai amai yake sa ta. Shi ya rage. Kullum da safe kafin ya wuce ofis sai ya zo da auduga da ruwan wanke ciwo, ya durƙusa a gabana. Ni in juya fuska ga bango, shi ya sunkuya, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar almakashi. Na ƙwauri yake wankewa. Da ya kai gwiwa sai in danne zanena da hannu in ce wa bango, "Na saman na riga na yi."

Ina yi ɗin, amma iya inda hannuna da idona suka kai. Bayan ƙusar da take can sama ba na gani. Ya fara ƙaiƙayi, ya koma zafi, sannan zanena ya fara mannewa a wurin. Na san mugunya ce. Ni da nake gaya wa kowa gaskiyarsa a fuska, sai ga ni ina turara ɗaki da safe don kada ɗana ya ji wari. Kunya ta hana ni nuna masa cinyata, kunya kuma ta hana ni cewa na yi ƙarya.

Wata safiya na tashi da zazzaɓi, haƙorana suna haɗuwa. Ya zo ya yi wankinsa, na ce sanyin Jos ne, ya ja mini bargo ya yi sallama. Ina jin takunsa a tsakar gida na duba wurin, na ga jan ya bazu har ya kusa kai wa gwiwa. Yaran gidan sun tafi makaranta, babu wanda zan aika. In ya fita sai gobe. Ta taga ina hango bayansa yana nufar ƙofar gida.

Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina ɗaki a lulluɓe, ban taɓa sa shi a bakina ba sai ran nan. Da ƙarfi na kira.

Bai ko waiwayo ba. Ya sa hannu ya zare sakata.

Na ce, "Kai."

Nan da nan ya juyo.

Na ɗaga zanen da kaina, na rufe ido. Ya ɗauke ni cak ya sa a mota. A asibiti aka cire wannan ƙusa aka sauya mata wuri, aka yi ta yi mini allurai. Likita ya yi mini faɗa, karo na farko a rayuwata ban rama ba. Ƙafar ta tsira, ina taka keken ɗinkina kaɗan-kaɗan, tahiya kuwa a kan kujera nake yi.

Ranar da aka sallame mu, muna hanyar gida, ina kujerar baya ina kallon ƙeyarsa, na daure na tambaye shi ko bai ji kiran farko ba ran nan.

"Na ji, Yaya," ya ce, idonsa a kan titi. "Na ɗauka matar maƙwabta ce take kiran ɗanta."

Ba da zargi ya faɗa ba, da ma da zargi ne da na sami abin cewa. Na ja mayafi na rufe fuskata har muka iso gida.