Awazar Kaka

Ɗigon ruwa ne ya faɗo kan tasar da Inna ta kife a tsakar gida. Ƙwal, sai kuma shiru. Ina durƙushe bakin rariya ina wankin hanji, na ga Inna ta ɗaga kai ta dubi gabas, hannunta ya tsaya cak a kan hantar da take yankawa. Ranar Babbar Salla ce, shekarar da layya ta faɗo mana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, ni kuwa ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu na ƙasar Rabah.

Ragon nan shi ne layyar Baba ta farko tun da na yi wayo. Ɗan tunkiyarmu ne, mu muka yi kiwonsa da harawa da dusa, ni ke kai masa ruwan tsari kafin in ɗauki jakar makaranta. Tun kuma kafin a yanka shi, awazarsa ta dama tana da mai ita. Kaka, mahaifiyar Baba, tana kwance a Goronyo gidan Goggo, ba abin da ke wuce mata sai kunu, amma ta aiko tana son ta ɗanɗani layyar ɗanta. Baba ya yi alkawarin kai mata washegari da safe.

A wajenmu ba a daddatsa ragon layya ranar yanka. Tareni ake yi. A feɗe shi, a baje shi kan sanduna biyu a gicciye, a kafa kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, ɗan nesa da ita, zafi ya yi ta ratsa shi a hankali har yamma. Sai a jingine shi a ɗaki ya kwana ya tsane, gobe a sa wuƙa a raba. Ranar farko kayan ciki kaɗai ake ci.

Na kasa zama. In ruga zaure in leƙa, in dawo in gaya wa Inna, ta kore ni, in sake komawa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kwasar toka tana watsa wa mutane a ido. Da maza suka ga hadari ya matso, sai suka tuge sandunan suka kafa dab da wuta don nama ya yi sauri. Kitse ya shiga zuba yana ci bal-bal, ƙamshi ya cika unguwa, mu yara muna tsalle. Na kai wa Inna labari da murnata, sai na ga fuskarta ta canza. "Waje za ya ƙone, ciki na ɗanye," in ji ta. "In ya kwana hakanan, gobe wari za a kai ma tsohuwa."

Ta sa na kira mata Baba zaure, ta roƙe shi a hankali ya cire mata awazar yanzu. Baffa, wan Baba, ya jiyo daga waje. "Mi? Wuƙa ga tareni ranar yanka? Wa ya taɓa ganin wanga abu?" Baba bai taɓa musu da wansa ba. Ya tsaya tsakanin ƙofa biyu yana murza hularsa, yayyafi na ƙaruwa. Can ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, alkawali na ɗauka." Ya zaro wuƙa. Ranar Baffa bai ci tuwon gidanmu ba.

Ko minti biyar ba a yi ba ruwa ya kece, maza suka sungumi raguna suka yi zaure da gudu. Mu kuwa muka shige ɗakin girki. Inna ta tsaga tsakanin ƙasusuwan, ta cusa gishiri da yaji da citta da tafarnuwa, ta shimfiɗa albasa a gindin tukunyar ƙasa, ta kwantar da awazar, ta rufe da kasko, ta zuba garwashi sama da ƙasa. Itace ya jiƙe, sai karan dawa muke karyawa, jinka na yoyo, ina tare wa garwashin da faifai hayaƙi na sa ni hawaye. Duk lokacin da na kai hannu ga kaskon sai ta buge shi. "Bar shi, Hajo, leƙe ba ya dahwa nama." Ita kanta ba ta zauna ba, bakinta na motsi da salati. Sai da aka kira magariba ta buɗe. Ta ja ƙashi ɗaya, ya zare sumul.

Da gari ya waye aka sa wa ragon wuƙa, ga jini kwance jikin ƙashin cinya, mata suka wuni suya don kada a yi asara. Baba ya ƙulle tukunyar a zane ya bi motar kasuwa. Da ya dawo ya ce Kaka ta tashi zaune da kanta, ta ci, ta tsotse ƙashi, ta daɗe tana sa albarka. Ba ta ga wata layyar ba.

Bana ma da ruwa muka yi Salla. Ina Wurno gidan aurena, da murhun gas mai tanda, ruwa na dukan kwanon rufi ba ruwan wutata da shi. Awaza ta gasu yadda ake so. Sai dai Inna, wadda na gasa dominta, tana Goronyo wajen ƙanena tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu, maigidana kuma ya ce ba mai bin hanyar a makon nan. In rufe kwanon awazar, in buɗe, in je bakin ƙofa, in dawo, har kitse ya fara daskarewa. Sai ga autata Nana tana jan zanena, da wayata a hannu, muryar Inna na fitowa daga ciki.

"Mama, zamna ki ci. Kaka ce. Ta ce ba ta aje waya sai ta ji kina tauna."